Haushin Kare da Haushin Maƙwabci: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Mai Unguwa da Dattawan Kwamitin Unguwarmu

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, iyayenmu dattawan kwamiti, Malam Liman, Baba Fasto, Mama shugabar mata,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Yaya sanyi, yaya jama'a? Ina fata kun tashi lafiya, ku da iyalanku. Ni dai kada a tambaye ni, don sai wanda ya yi barci ake tambaya yadda ya tashi.

Kun san ni, kun san gidana, kun kuma san gidan da katanga ta haɗa mu, saboda haka ba sai na kama sunan kowa ba, layin ma ba zan faɗa ba. Sau biyu ina zuwa zauren Mai Unguwa da wannan magana ta haushin karnukan maƙwabcina da ke hana mu barci, sau biyun aka ce in ƙara haƙuri za a duba, na kuwa ƙara. Abin da ya sa yau na ɗauki biro shi ne maganar ta kuɓuce daga hannuna. Ta je teburin mai shayi, ta shiga guruf ɗin WhatsApp na unguwa, ta dawo mini ɗauke da kayan da ba ni na ɗora mata ba. Gara ku ji ta daga bakin mai ita, kowa ma ya ji.

Wata takwas ke nan. Bayan Ista ɓarayi suka haura gidan maƙwabcina da tsakar dare, suka ɗaure ƙanin matarsa, suka kwashe talabijin da wayoyi da tukunyar gas, har batirin mota ba su bari ba. Ni ne mutum na biyu da ya shiga yi musu jaje da gari ya waye. Na ga yadda jikin matar yake rawa, ƙaramin yaronsu ya ƙi sauka daga bayanta. Da ya kawo karnuka biyu bayan mako biyu, wallahi cewa na yi madalla, mu ma mun samu masu gadi a ɓagas. Ɗaya irin manyan nan ne masu gashi buzu-buzu da ake kira Kokeshiyan, tsayinsa ya kusa na maraƙi. Ɗayan ƙarami ne, ruwa biyu, amma ya fi babban baki. Aka kira mai walda ya haɗa musu keji na ƙarfe da rufin kwano, aka jingina shi da katangar da ta raba mu. Bayan katangar nan, taku uku, tagar ɗakin mahaifiyata ce.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ƙaramin yake buɗe fage. Haushin ganin baƙo kowa ya san shi, yana zuwa da ƙarfi ya wuce. Wannan kuwa uku-uku yake yinsa, ya tsaya kamar mai jiran amsa, ya sake. Sai babban ya karɓa da wata murya da ƙirjinka yake ji kafin kunnenka. Daga nan karnukan layin baya su amsa, na tsallaken rafi su ma su sa baki. In an yi sa'a su lafa wajen ƙarfe ɗaya. Ka fara lumshe ido ke nan, akuya ta motsa ko iskar hunturu ta kaɗa kwano, a koma farko. Na yi tsawa ta saman katanga, na buga ƙafa, na watsa ruwa. Duk wanda na gwada sai ya zama kamar na ƙara musu mai. Yaran layi kuma da suka gane, in za su wuce sai su jefa tsakuwa a kwanon don su ji an tashi, abin ya zama musu wasa.

Ni ɗan gwari ne. A kasuwar Farin Gada nake neman abincina tun bayan da gobara ta cinye babbar kasuwar Taminus a 2002 ta haɗa da rumfata. Motocin dankali daga Bokkos da Mangu, da na kabeji da tumatir, ba sa jiran wanda ya makara. Ina sallame sallar asuba nake kama hanya. Barcina duka tsakanin goma na dare ne da huɗu da rabi, ba ni da wani. Makon jiya na ƙirga wa wani kuɗin buhu bakwai alhali shida ya sauke, Allah ya sa mai tsoron Allah ne ya biyo ni da ragowar. Shekara ashirin da ɗoriya ina wannan sana'a ban taɓa irin wannan ɓaranɓarama ba.

Amma nawa mai sauƙi ne. Inna ta haura tamanin, tana da hawan jini, kuma tun bara likita ya gaya mana rashin barci yana cikin abubuwan da ke tayar da shi. Na roƙe ta ta koma ɗakin gaba, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita da ta zauna a ɗakin nan lokacin da ake harbi a bakin titi, ba kare ne zai tashe ta ba. Duk wanda ya san tsofaffinmu ya san an rufe babi. Yanzu da rana take rama barcin, a zaune, carbi a hannu, tuwo ya huce a gabanta. 'Yata kuma mai shirin zana WAEC, da auduga a kunne take karatu.

Kada wani ya ce na tsallake maƙwabci na kai ƙara. Da ƙafata na fara zuwa, wata Asabar da yamma. Na yi sallama, aka ba ni kujera, aka kawo ruwa. Ya saurare ni har na kai aya, ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, baƙunta ce, za su saba.” Na ce to, Allah ya sa. Mutumin nan ba mugu ba ne, ina so kowa ya riƙe wannan. Lokacin da ciwon Inna ya tashi shekara biyu da suka wuce, da motarsa aka kai ta asibiti, ƙarfe biyun dare, ko kuɗin mai bai karɓa ba. Da Kirsimeti shinkafarsu tana shigowa gidana, da Babbar Salla cinyar ragona tana shiga nasu.

Zuwa na biyu mai ɗakina ce ta je wurin matarsa, mace da mace. A nan aka ɗan yi tsami. Matar ta ce, “Hajiya, mu ma fa muna shan hayaƙin janaretanku, ba mu taɓa cewa uffan ba.” Da aka kawo mini wannan na ji zafi, na kwana ina juya ta, gari na wayewa na ga gaskiyarta. Janaretan a jikin tagar kicin ɗinsu yake. Na kira yara muka ciccibe shi muka mayar bayan gida, na ƙara waya, na kuma sa doka ƙarfe goma a kashe, ko da wasan ƙarshe ake bugawa. Zatona in na gyara nawa za a gyara nasu. Na uku saƙo na tura masa a waya. Na ga alamar ya karanta. Har yau ina jira.

Akwai abin da na lura da shi wanda ya sa na daina jin haushin karnukan su kansu. Maƙwabcina a Abuja yake aiki. Litinin da sassafe yake tafiya, Juma'a da dare ya dawo. Daren da ya dawo da biyun da ke biye muna barci kamar jarirai. In yana gari yakan buɗe kejin su zaga tsakar gida, ya yi wasa da su, ya ba su abinci da hannunsa, wani lokaci ya sa wa babban igiya su hau dutsen bayan unguwa. Ranar Litinin a mayar da su kurkuku. Matar tana tsoron babban, yaron gidan kuma ta saman ƙarfe yake zuba musu abinci sau ɗaya a yini, ya ja da baya da gudu. Yini biyar a wurin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Shi kuwa mai gidan bai taɓa jin abin da muke ji ba, tun da duk daren da yake nan tsit ne. In na ce masa ba ma barci, a ransa gani yake ƙarin gishiri nake yi. Da ni ne shi, mai yiwuwa haka zan ɗauka.

Wani likitan dabbobi yana sayen kaya a wurina, na kwashe labarin na gaya masa. Ya ce irin wannan babban kare asalinsa daga duwatsun Kokesas ne, can wajen Jojiya da kudancin Rasha, inda makiyaya suke riƙe shi don tsare tumaki daga kyarkeci. Aikinsa na gado shi ne ya kwana yana zagaye garke. Sanyin Jos ko a jikinsa, shi ya sa ma masu kiwon karnukan waje suka yi yawa a garin nan. Zafin kwano da rana da rashin wurin motsi su ne ke dagula shi. Ya ce kare yana jin sautin da kunnen mutum ba ya kamawa. To ka kulle shi a inda yake jin komai amma ba ya iya zuwa ya duba komai, me ya rage masa in ba baki ba? Karen da ya zaga ya gaji, ya ƙoshi, ya san mutanen gidansa, in ji shi, ba ya ɓarnar haushi.

Kuma ga gadin da aka sayo su dominsa ya tashi a banza. A watan Oktoba an sace batiran sola a gidan da ke kallon nawa. A daren karnukan sun yi haushi kamar za su tsaga ƙarfe. Na ji, na ja bargo. Duk layin mun ji, ba wanda ya leƙo, har 'yan bangan da muke tara wa kuɗi duk wata ba su juyo ba, don kunnensu ya saba. Sai da safe muka gane a wannan karon gaskiya suke faɗa.

To, ga abin da ya hana ni yin haƙuri na uku. Ran nan a wurin mai shayi wani matashi daga cikin namu ya ce mini, “Baba, ai raini ne, don sun ga mu ne. Ka bar mu da su, tsoka ɗaya da fiya-fiya ta gama zance.” Na tsawata masa a gaban kowa. Kwana biyu tsakani aka nuna mini abin da wani matashi daga ɗaya ɓangaren ya rubuta a guruf, wai mu Musulmi dama ba ma ƙaunar kare a addinance, yau kare ne, gobe a ce a rufe coci. Yaran nan biyu tare suke buga ƙwallo a filin firamare, kuma ko ɗayansu bai taɓa kwana a ɗakin Inna ba. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce malamar asibitin da ke haya a bayan gidan. Coci ɗaya suke zuwa da mai karnukan. Ta tare ni a hanya, idanunta jajur, ta ce, “Baba, ni ma ba na barci, ga aikin kwana, amma in na buɗe baki za a ce na haɗa kai da ku a kan ɗan'uwana.” Ta roƙe ni kada in ce ita ce. Ga shi ban ce ba, masu haya a bayan gidan suna da yawa.

Iyayena, mu 'yan Jos ne, ba sai an yi mana fassara ba. Wanda ya ga 7 ga Satumba 2001 ya san abin da aka ce ya kunna wutar: gardama a kan wucewar mace ɗaya ta hanyar da aka tare don sallar Juma'a a Kongo-Rasha. Wanda ya ga Janairun 2010 ya san daga maganar sake gina gida ɗaya aka faro, a wajen Dutse Uku. Abin da aka daɗe ana tarawa a ciki ne yake neman ƙofa, kuma ba ya raina ƙanƙantarta. Tsakanin 2001 da 2008 da 2010 garin nan ya tsage, kowa ya kwashe komatsansa ya koma inda nasa suka fi yawa, har akwai unguwar da ɗan Keke zai dubi shigarka ya ce ba can ya nufa ba. Irin tamu, inda ladan da ƙararrawar coci suke tashin mutanen layi ɗaya, kaɗan ne suka rage. Kun fi ni sanin wuyar da aka sha kafin a riƙe ta haka, don wasunku ne suka kwana a bakin hanya suna mayar da 'yan ta-zarce, na masallaci da na coci kafaɗa da kafaɗa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wani gari haushin kare haushin kare ne kawai, a yi cacar baki a shirya. A nan kuwa, in mai kare da mai ƙorafi ba wuri ɗaya suke ibada ba, maganar ba ta da wurin zama. In na yi shiru in cutu, in na ɗaga murya a ce addini ne. Shi ya sa nake so ku karɓe ta daga hannuna ta zama taku. In hukunci ya fito daga zauren Mai Unguwa, Liman yana dama Fasto yana hagu, ba wanda zai tashi ya ce Alhaji ya ci Kirista ko Kirista ya ci Alhaji.

Tun da an jawo addini, bari in faɗi ɗan abin da na sani, Malam Liman ya gyara mini in na karkace. Gaskiya ne Bahaushe bai saba sa kare a ɗaki ba, kuma muna kaffa-kaffa da tufafin salla. Amma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an yarda a riƙe shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Mafarautanmu da karnuka suke shiga daji tun kaka da kakanni. A makarantar zaure malaminmu ya ba mu labarin Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, cewa da katangar gidansa ta faɗi sai ya ajiye kare don tsaro. Aka ce masa ai Imamu Malik bai so haka ba, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. To ni wane ne da zan hana wanda aka ɗaure masa suruki ajiye kare? Mun kuma san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, wannan na mai fiya-fiya ne, ya je ya yi ta nazari. Akwai kuma na matar da ta shiga wuta a kan kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Shi yake faɗo mini a rai duk lokacin da na ji ƙaramin karen nan ya daina haushi ya koma kuka kamar yaro, gab da asuba.

Baba Fasto, wani abokin cinikina ya buɗe mini littafin Karin Magana, sura 27 aya 14, inda aka ce wanda ya tashi da sassafe ya sa wa maƙwabcinsa albarka da babbar murya, za a lissafta masa ita a matsayin la'ana. Na yi dariya har da riƙe ciki a tsakiyar kasuwa. In albarka ma ta koma la'ana saboda ƙara da rashin lokaci, ina ga haushi?

Maganar guba ina so a yi ta a taro da kakkausar murya, kada a bar ta a raɗa. Naman da aka jefa ta katanga bai san bakin da zai shiga ba. Akwai kaji, akwai kyanwoyi, akwai yaro ɗan shekara uku a gidan wanda komai ya tsinta baki yake kai wa. Kashe dabbar wani laifi ne a Final Kod, kundin dokar laifuffuka, kuma karnukan nan ba kuɗi kaɗan aka zuba a kansu ba. Sannan in suka mutu gobe, ko da ciwon Allah da Annabi ne ya kashe su, wa za a nuna da yatsa? Ni. Yanzu haka duk unguwar nan ba wanda ya kai ni yi wa karnukan nan addu'ar tsawon rai. Wani kuma ya yi raha wai a kira masu kai karnuka kasuwar Dawaki ta Kanke, inda ake sayensu don nama, a yi ciniki. Ita ma a bar ta. A bakin mai shayi wasa ce, in ta shiga waya ta zama zagin ƙabila.

Na san akwai hanyar hukuma. Ɗana da ke jami'a ya binciko mini cewa NESREA, hukumar tarayya mai kula da ƙa'idojin muhalli, tana da dokokin hana ƙara tun 2009. A ciki an ƙayyade dare daga ƙarfe goma zuwa shida na safe, aka ce a unguwar zama zalla kada ƙara ta wuce desibel 35 da dare (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), inda gidaje suka cakuɗa da shaguna kuma 45. Hirar mutum biyu a ɗaki ma takan kai wajen 60. Ya sa wata manhaja a waya muka ajiye a tagar Inna, abin da ta nuna ya wuce wancan nesa ba kusa ba. A nan jiha akwai PEPSA mai kula da muhalli da tsafta, akwai duba-gari na ƙaramar hukuma, akwai kotun majistare. Duk na san ƙofofinsu. Amma ranar da na kai takarda, ranar maƙwabtakar shekara goma sha ɗaya za ta mutu. Ko na ci shari'a, in wuta ta kama a gidana da tsakar dare wa zan buga wa ƙofa, alƙali? Kuma sammaci a irin unguwarmu ba ya tsayawa tsakanin gida biyu, kafin ya isa hannun mai shi rabin gari sun ji, kowa da irin fassararsa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarar tayar mini da hankali. Watan jiya yaron gidan ya manta bai sa sakata ba, ƙaramin ya fito layi daidai lokacin da 'yan Islamiyya suke tashi. Bai ciji kowa ba, alhamdu lillahi, yarinya ɗaya ce ta faɗi ta gurje gwiwa. Da na tambaya ko an yi musu allurar haukan kare, matar ta ce sai mai gida ya dawo, ita ba ta san inda katin yake ba. Mai yiwuwa an yi, ni dai ina so in gani da idona. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da ƙyar ake samun wanda ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe wajen mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Mu da Vom take bayan gidanmu, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke wurin tun 1924, wadda take haɗa wannan allura ana kai wa wasu jihohi, ai abin kunya ne a ce karnukanmu ne ba su da kati. Kuma ba gidan maƙwabcina kaɗai nake nufi ba. Na ƙirga gida tara masu kare daga bakin titi zuwa rafi, uku daga ciki na Musulmi ne. Mama shugabar mata, don Allah a riƙa tuna wa iyaye mata: in kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a nufi asibiti a ranar. Kada a tsaya neman gashin karen wai a ƙona a shafa.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa, kuma ban ce a raba mutum da karnukansa ba. A kira shi ranar da yake gari, a kira ni, a zauna. A ɗauke kejin daga jikin katangar a mayar ɗaya kusurwar, wajen garejinsa, inda ba tagar kowa. A faɗaɗa shi, a sa katako a ƙarƙashin kwanon saboda zafin rana. Ni na ɗauki nauyin siminti buhu biyu da kuɗin mai walda na yini ɗaya. Na faɗa a bainar jama'a ne don kada gobe shaiɗan ya sa in janye. Da dare in an kulle get a sake su a tsakar gida, ai gadin ke nan. In matar tana tsoro, akwai samari a garin nan da sana'arsu ke nan, horar da karnuka da fita da su, a ɗauki ɗaya ya riƙa zuwa har babban ya saba da mutanen gidan. A ƙara musu abincin yamma.

Sannan kwamiti ya rubuta ƙa'ida ta kowa da kowa, a karanta a masallaci ranar Juma'a, a karanta a coci ranar Lahadin da ke biye, don kada ta zama an yi ta ne domin gida ɗaya. Duk mai kare ya nuna katin allura sau ɗaya a shekara. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ana iya ɗaura abin a kanta, a gayyato likitan dabbobi ya yi wa duka a filin firamare. Kada a jingina keji da katangar da ke kusa da tagar ɗakin kwanan wani. Janareta ma haka, har da nawa. In an kawo ƙorafi, mutum biyu daga kwamiti, ɗaya daga kowane ɓangare, su je da dare su ji da kunnensu kafin a ce wa kowa komai.

Na san abin da ke sa ku jan ƙafa, don ɗaya daga cikinku ya raɗa mini. Kuna tsoron in an buɗe babin ƙara wani zai miƙe ya ce to lasifikar masallaci fa, wani ya ce to kwanan addu'a da ganguna fa, taro ya watse baram-baram. Tsoron yana kan hanya, ban raina shi ba. Amma waccan magana tana nan ko an taɓa ta ko ba a taɓa ba, tana da ranarta da mutanenta, kuma ba a kan kejin kare za a yanke ta ba. Mai Unguwa yana iya faɗa tun buɗe taro cewa yau dabbobi da injuna muka zo yi, mai wata magana ya ajiye ta sai wani zama. In wurin ajiye keji ya gagare mu, da wane ƙarfi za mu tunkari waccan?

Maƙwabcina, na san kafin la'asar wani zai tura maka wannan a Abuja. Ka yi haƙuri da na fito da ita fili, na buga ƙofa sau uku kafin in zo nan. Ban manta daren asibiti ba, Inna ma ba ta manta ba, kullum sai ta sa ka a addu'a, karnukan ne dai ban ji tana sa su ba. Alfarma ɗaya nake nema. Wata Laraba ka ɗauki hutu, ka sauka a gidana kai tsaye ba tare da ka leƙa naka ba, don kada su ji ƙanshinka, ka kwana a ɗakin baƙina. Zan shimfiɗa maka sabon bargo. In gari ya waye ka ce ƙarin gishiri na yi, zan miƙe a gaban dattawan nan in ba ka haƙuri.

Ranka ya daɗe, Kirsimeti ya ƙarato. Zai yi mako biyu a gida, karnuka za su yi tsit, kowa ya ce ai Alhaji ya samu lafiya, magana ta mutu. Litinin ta farko da ya koma aiki za a koma gidan jiya. Saboda haka ina roƙo a sa mu a zaman Asabar ta ƙarshen wata, bayan an gama shara, lokacin kowa yana gida, shi ma yana gari. Zan zo da mai walda ya auna wurin tun a ranar. Inna ta ce in gaya muku ita ma za ta zo, a tanadar mata kujera mai majingina.

Naku,
Ɗan gwari, mazaunin unguwa,
Jos.